Tsefe Hasken da Ido Ba Ya Gani: Tambayoyi da Amsoshi kan Na'urorin da Ake Haɗa wa Manyan Maduban Hangen Taurari

Ina koyar da fizik a wata lise a nan Garwa, kuma duk yammacin Asabar muna zama da wasu ɗalibai a ƙarƙashin darbejiyar makaranta mu yi hirar kimiyya da ba ta cikin jarrabawa. Wata rana na nuna musu hoton wani ƙaton akwatin ƙarfe da ke maƙale a gefen madubin hangen taurari a ƙasar Cile, na ce abin da ke cikinsa ya fi madubin ba injiniyoyi ciwon kai. Tun daga ranar tambayoyi ba su yanke ba, wasu daga yaran, wasu daga iyayensu, har da wani dattijo mai gyaran firji a unguwarmu. Su na tattara a nan. Na'urar da ke rarraba haske kala-kala ina kiranta matsefin haske, domin aikinta tsifa ne, irin wadda mai kitso ke yi: ta kama curin gashi ta ware shi sili-sili.

Malam, me ya sa ba a tsaya ga ɗaukar hoton taurari kawai ba?

Hoto zai nuna maka inda tauraro yake da ƙarfin haskensa, shi ke nan. In kana son sanin abin da ke cikinsa, da zafinsa, da ko yana matsowa ne ko yana ja da baya, sai ka tsefe haskensa ya zama baka irin bakan gizo. A 1814 wani Bajamushe mai sana'ar gilashi, Joseph von Fraunhofer, ya tsefe hasken rana ya ga baƙaƙen layuka ɗaruruwa sun ratsa bakan. Wajen 1860 Kirchhoff da Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da layukansa da ba ya tarayya da kowa a kansu. A da tsofaffinmu kan dubi tsagen fuskar baƙo su faɗi garinsu tun bai buɗe baki ba. To haka mai ilmin taurari ke karanta waɗannan layuka, kuma in tauraro yana matsowa ko yana ja da baya, layukan kan ɗan gusa daga wurinsu.

Shi kuma hasken ƙasan-ja mene ne?

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma yana da tsawon zango, sai dai nasa da mikiron ake aunawa, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idonmu yana gani daga wajen mikiron 0.4, ruwan shuni, zuwa 0.7, ja. Abin da ya zarce ja shi ne ƙasan-ja. William Herschel ne ya ci karo da shi a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi a gaba da jan bakan rana, inda babu kowane launi, ya ga ma'aunin yana hawa.

Ɗauki rimot ɗin talabijin ka danna shi a gaban kyamarar waya. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa, alhali idonka bai ga komai ba. Ma'aunin zafin da aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona shi ma wannan haske yake karantawa, na can wajen mikiron 10 wanda jikin mutum ke fitarwa. Masu ilmin taurari sun raba yankin da ke kusa da ja zuwa tagogi masu haruffa: J a wajen mikiron 1.25, H a 1.65, K a 2.2, sai L da M daga 3 zuwa 5. Tsakanin tagogin, tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye hasken kusan ƙurmus.

Wace riba ke cikinsa da har ake wannan wahala?

Mu da muke shan hazo daga Disamba zuwa Fabrairu ba sai an yi mana dogon bayani ba. In ƙura ta turnuƙe, rana kan koma jar ƙwallo a saman Binuwai, domin ƙura tana watsar da gajeren zango ta bar dogo ya wuce. Sararin samaniya ma cike yake da ƙura. Tsakiyar gungun taurarinmu tana nisan kimanin shekarun haske 26,000, kuma cikin hasken da ido ke gani, kusan ɗaya cikin tiriliyan ne ke tsira ya iso mu. A tagar K kusan ɗaya cikin goma ke isowa. Da wannan taga ce Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka bi sawun taurarin da ke kewaya baƙin ramin da ke can, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020.

Sannan yawancin taurarin da ke maƙwabtaka da mu jajayen wadanni ne, ƙanana marasa zafi sosai, kuma mafi yawan haskensu a ƙasan-ja yake fita. Ruwa da iskar mitan da kabon monoksaid, wannan iskar da ke kashe masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, duk manyan layukansu a nan suke.

Da ake cewa na'ura mai ƙarfin tantancewa, me ake nufi?

Tuna tsohuwar rediyo da daddare, tashoshi biyu sun hau kan juna, kana murɗawa ba ka iya raba su. Rediyo mai kyau tana raba su tsaf. Ana rubuta wannan ƙarfi da harafin R: tsawon zangon da kake kallo, a raba shi da mafi ƙanƙantar tazarar da na'urar ke iya bambancewa. In an ce mai ƙarfi, ana nufin daga wajen 20,000 zuwa 100,000. Raba gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, da R, sai ka sami faɗin layi ɗaya a ma'aunin gudu. R na 100,000 ya ba ka kilomita 3 a sakan.

Ga abin da hakan ke saya maka. A 2010 Ignas Snellen da abokan aikinsa suka yi amfani da CRIRES, matsefin da ke kan ɗaya daga maduban VLT masu faɗin mita 8.2 a Dutsen Paranal na ƙasar Cile, suka kama layukan kabon monoksaid a iskar wata duniya mai suna HD 209458 b. Duniyar tana zagaya tauraronta cikin kwana uku da rabi, da gudun kusan kilomita 140 a sakan, don haka layukanta suna gusawa cikin dare guda, na iskarmu kuwa suna nan daram inda suke. Wannan gusawar ce ta fallasa ta. A 2014 suka auna faɗaɗar layukan wata duniyar, Beta Pictoris b, suka gano yininta da darenta awa takwas ne kacal. Da ƙaramin R duk waɗannan layuka cuɗewa za su yi su zama dusu-dusu.

Da me ake tsefe hasken? Gilashi mai kusurwa uku irin na ɗakin gwajinmu?

Wannan ya yi kaɗan. Ana amfani da faranti mai sheƙi da aka yi wa kunyoyi a jere, kamar gonar da garma ta bi, sai dai kunyoyin ƙanana ne ƙwarai. Juya faifan CD a rana ka ga launuka, kunyoyinsa ne ke wannan aiki, kusan 625 a kowace milimita.

Na manyan matsefai ana kiransa eshel, kuma yarana ba su sha wuyar sunan ba, tunda da Faransanci tsani ke nan. George Harrison na jami'ar MIT ne ya bayyana shi a 1949. Kunyoyinsa ba su da yawa, ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu a milimita, amma masu zurfi ne kamar matakalar bene, kuma a kishingiɗe ake aza shi, a kusurwar digiri 63 zuwa 76, haske ya daki goshin kowace matakala. Wannan kishingiɗar ce ke kawo ƙarfin. Illarsa ita ce bakan yana fitowa gunduwa-gunduwa, gomman gunduwoyi a kwance kan juna. Sai a sa wani faranti na biyu ya ware su ta ɗaya gefen, su jeru sahu-sahu kamar rubutun allo. CRIRES ta farko, wadda ta fara aiki a 2006, sahu ɗaya take karantawa a lokaci guda. An sauke ta a 2014, aka sa mata mai warewa da sababbin idanu, ta dawo aiki a 2021 tana ɗaukar kusan ninki goma na abin da take ɗauka a da.

In madubi ya ƙara girma ai haske ya ƙaru. Ina matsalar?

A nan ake yin ta. Duk sauran shawarwarin masu ƙira daga wannan gaɓar suke tasowa, don haka ku bi ni a hankali.

Hasken tauraro yana shiga matsefi ta wata siririyar kafa. Faɗin kafar ana auna shi da kusurwar da ta rufe a sama, da ma'aunin sakan na kusurwa. Sakan ɗaya shi ne girman ƙwandalar dala ashirin in ka hango ta daga kilomita biyar. Tauraro ɗigo ne, amma rawar iska, wadda ke sa taurari ƙyalli, tana baje shi ya zama tabo mai faɗin rabin sakan zuwa sakan ɗaya ko a kan duwatsu mafi kyau. Wannan tabon bai damu da girman madubinka ba. In ka matse kafar ta fi tabon ƙanƙanta, ka zubar da hasken da ka kashe dukiya ka tara.

Lissafin kuwa ba ya sassauci. R, sau faɗin kafa, sau faɗin madubi, daidai yake da kaurin sandar hasken da ke faɗa wa faranti, sau wani adadi da kishingiɗar farantin ke bayarwa. Kenan in ka riƙe R da faɗin kafa yadda suke, ka ninka madubi, dole ka ninka sandar haske da farantin da duk gilasan da ke biye.

Mun yi lissafin a allo. Madubi mai mita 8, kafa rabin sakan, R na 100,000, faranti a digiri 76: sandar haske ta zo santimita 24, farantin kuma tsawon mita ɗaya. Da ƙyar, amma ana iyawa, ta hanyar haɗa faranti biyu baki da baki. Sai muka sa madubin ELT da ake ginawa a Dutsen Armazones a Cile, mai faɗin mita 39, wanda aka haɗa daga gutsattsari 798. Sandar haske ta haura mita ɗaya, faranti ya tashi kusan mita biyar. Wani yaro ya ce, “Malam, wannan ai ya fi ƙofar ajinmu.” Babu mai iya yanka kunyoyi daidai wa daida a kan faranti irin wannan. Ko da an iya, tsawo da faɗi da tsayi ne ke ninkuwa tare, ninki biyar a kowane gefe ya zama ninki 125 a ciki, kuma duk wannan sai an sanyaya shi.

To yaya suke kuɓuta?

Hanyoyi uku ne, kowacce da kuɗin fansarta.

Ta farko ita ce nutsar da farantin. Maimakon haske ya daki kunyoyin daga waje, sai a yanke su a bayan wani curin sinadari da haske ke ratsawa, ya same su daga ciki. Zangon haske yana tsukewa a cikin abu mai kauri, don haka ƙarfin tantancewa yana ninkuwa gwargwadon yadda abin ke karya haske. Silikon, wanda a ido yake kamar baƙin ƙarfe, garau yake ga hasken da ya wuce mikiron 1.2, kuma adadinsa 3.4 ne. Sandar nan mai santimita 24 sai ta koma 7. Da dabarun masu yin ƙwaƙwalwar kwamfuta ake cin kunyoyin, da sinadarin da ke bin jijiyar dutsen silikon ɗin, shi ya sa goshinsu ke fita sumul. IGRINS, wadda Jami'ar Texas da cibiyar nazarin taurari ta Koriya ta Kudu suka ƙera, ta fara aiki a 2014 da sandar haske mai milimita 25 kacal, tana ɗaukar tagogin H da K gaba ɗaya a R na 45,000. Ƙanƙantarta ta sa ta zama 'yar ci-rani: ta fara a madubi mai mita 2.7 a Texas, ta je Arizona, ta tsallaka Cile ta hau Gemini mai mita 8.1. Jamaniyom ya fi silikon, adadinsa 4, amma sai daga wajen mikiron 2 yake buɗewa. Da shi aka yi farantin METIS, na'urar ELT da za ta tsefe mikiron 3 zuwa 5 a R na kusan 100,000.

Ta biyu ita ce kashe rawar iskar tun kafin haske ya iso kafa. Ana sa wani siririn madubi mai lanƙwasa, da ɗaruruwa ko dubban 'yan yatsu a bayansa, kwamfuta tana auna karkacewar haske tana gyara siffarsa sau ɗaruruwa a sakan. Na ELT yana da yatsu sama da 5,000. In babu tauraro mai haske a kusa da za a yi awo da shi, sai a harba leza ta kunna ƙwayoyin sodiyom da ke kilomita 90 a sama, a sami tauraron aro. Idan gyaran ya yi, tabon yana tsukewa zuwa iyakar da girman madubi ya yarda: a tagar K, kusan sakan 0.06 ga mita 8, kusan 0.012 ga mita 39. Ku lura da abin da ya faru. Madubi na girma, kafa na tsukewa daidai gwargwado, sai girman matsefi ya daina bin girman madubi. Ga sa'a kuma, gyaran ya fi kamawa a dogon zango. Kafar CRIRES sakan 0.2 ce saboda wannan. Kuɗin fansar shi ne kowane ƙarin madubi yana cin nasa kason hasken, yana ƙara nasa zafin, kuma daren da iska ta yi gardama sai a yi haƙuri.

Ta uku ita ce yanka tabon ya zama siraran yanka-yanka, a jera su tsaye kamar kilishi a kan igiya, su shiga kafa siririya. Ba a yi asarar haske ba, amma kowane tauraro ya ci fili mai yawa a idon na'ura, kuma filin nan da tsada yake. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Malam, ka ce sai an sanyaya komai. Don me, kuma da wane irin inji?

Dattijon nan mai gyaran firji ne ya yi wannan tambaya, na same shi a rumfarsa wata ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yana tsugune yana zuƙe iska daga bututun wata tsohuwar firji kafin ya ɗura mata gas. Na ce masa, “Baba, rabin aikin nan ai kai ka fi ni saninsa.”

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da hasken ƙasan-ja. Da idonmu yana gani a mikiron 4, da bango da tebur da tafin hannunka duk ci suke kamar garwashi, dare da rana. Daga wajen mikiron 2.3 zuwa sama, hasken da jikin na'ura mai ɗumi ke fitarwa ya fi na tauraron da ake nema nesa ba kusa ba. Don haka ake kulle matsefin gaba ɗaya a cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskarta, a lulluɓe cikin da zanen gwangwani mai sheƙi rufi kan rufi. Fulas ɗin shayi ne aka girmama, dabarar James Dewar ta 1892. Sanyin yana zuwa daga ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifili, ko daga injuna masu matsa iskar hiliyom. A ciki kuma akwai wani zobe mai sanyi da aka yanka daidai siffar babban madubi, don kada idon na'ura ya hango ƙarafan da ke gefe.

Zurfin sanyin ya danganta da inda kake kallo. Na'urar HPF da ke Texas, wadda ba ta wuce mikiron 1.3 ba, digiri 93 ƙasa da sifili ya ishe ta. SPIRou, wadda aka haɗa a Tuluz ta Faransa ta fara aiki a Hawayi a 2018, tana shiga tagar K, don haka tana zaune kusa da 200 ƙasa da sifili, kuma ba a yarda zafinta ya motsa fiye da kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba.

Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “To kwamfaresan ba ya girgiza ta?” Yana girgizawa kuwa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke hana masu ƙira barci. Sai an raba injin da teburin maduban da maɗaurai masu laushi da igiyoyin tagulla masu kai sanyi ba tare da sun kai rawa ba.

Ƙarfe ba ya tsukewa a irin wannan sanyi?

Sosai. Sandar alminiyom mai mita ɗaya tana rage kusan milimita 4 kafin ta kai sanyin naitirojin, a wurin da kuskuren 'yan mikiron ke ɓata hoto. Gilashi kuma ba ya tsukewa daidai da ƙarfe, in ka ɗaure shi tamau sai ya tsage. Wasu masu ƙira kan yi teburi da maduban duka da alminiyom iri ɗaya, a fere maduban da bakin lu'ulu'u a shafe su da zinariya, don komai ya tsuke tare. Zinariyar ba ado ba ce, ita ce gwanar mayar da hasken ƙasan-ja. Gilashin taga ma bai da amfani a nan, sai duwatsu irin su kalsiyom fuloraid da zink selenaid.

Babban abin takaici shi ne ba ka iya sa hannu ka gyara. Ka saita da ɗumi, ka rufe, ka zuƙe iska, ka jira kwanaki sanyi ya zauna, sannan ka ga kuskurenka. Ka sake jiran kwanaki ta huce kafin ka buɗe. Saboda haka ni ina bayan masu rage abubuwa masu motsi. Man giris daskarewa yake a can ciki, kuma ƙaramin inji ɗaya da ya cije zai iya cinye wa na'ura makonni. Matsefin IGRINS ba shi da abin da ke motsi a cikin sanyi. Ba ya iya komai da komai kamar CRIRES mai saituna da yawa daga mikiron 1 zuwa 5, amma abin da ya ba ka jiya shi zai ba ka gobe. Duk wanda ya taɓa jiran kayan gyaran mota daga Duwala ya san darajar wannan.

Wayata tana da megafiksel 50. Me ya hana a sa irin idonta?

'Yata, idon wayarki na silikon ne, kuma yanzu muka ce silikon garau yake ga hasken da ya wuce mikiron 1.2, ratsa shi yake ya wuce bai bar sawu ba. Ana amfani da gaurayen zaiba da kadmiyom da teluriyom, a manna shi kan allon karatu na silikon da 'yan ɗigon ƙarfen indiyom, kowane fiksel da nasa. Wanda ya fi yaɗuwa, HAWAII-2RG na kamfanin Teledyne, fiksel 2048 sau 2048 ne, miliyan huɗu da 'yan kai, kowanne mikiron 18. CRIRES tana da uku a jere. Suna da wani hali mai ban haushi: in sun kalli abu mai haske, inuwarsa kan daɗe a cikinsu, kamar yadda wutar mai walda ke bin idonka bayan ka kau da kai. Shi ya sa ake tsara dare a fara da taurari masu dushewa, ko a ba idon hutu.

Yaya ake tabbatar da cewa tauraron ne ya motsa, ba na'urar ba?

Duniyar Mushtari tana jijjiga rana da gudun mita 12.5 a sakan. Tamu duniyar santimita 9 kawai. Duniyar Proxima b, da aka gano a 2016, tana jan tauraronta da mita 1.4 a sakan, tafiyar mutum mai zuwa kasuwa. A na'ura mai R na 100,000, in layi ɗaya ya ci fiksel uku, mita ɗaya a sakan gusawa ce ta kashi ɗaya cikin dubu na fiksel, kusan kashi ɗaya cikin dubu huɗu na kaurin gashi. Ana iya auna ta ne kawai domin ana haɗa dubban layuka.

Dole ke nan a sami ma'aunin da ba ya ƙarya. Akwai fitilun yuraniyom da niyon masu layuka sanannu. Akwai kwalbar iska da ake sakawa a gaban kafa, ta buga hatiminta a kan hasken tauraron. Mafi inganci shi ne matajin leza, mai fitar da dubban layuka masu tazara ɗaya kamar haƙoran mataji, a ɗaure da agogon ƙwayar zarra. Aikin John Hall da Theodor Hänsch ne, ya ba su Nobel a 2005. Masu neman wannan daidaito sukan sauke matsefin daga jikin madubi su ajiye shi a ɗaki na ƙasa inda ba ya juyawa, su kai masa haske ta zaren gilashi. SPIRou sai da aka nemo mata zare na musamman na fuloraid, domin na yau da kullum yana shanye tagar K.

Iskar duniyarmu fa?

Ta biyu take cutarwa. Tana shanye haske da dubban layukanta na ruwa da mitan da kabon dayoksaid, tana kuma yin nata hasken: a kusan kilomita 87 akwai ƙwayoyin OH, haɗin oksijin da haidirojin, da ke ci duk dare a tagogin J da H. Ana cire hasken sama ta hanyar gusa tauraro tsakanin wurare biyu a kan kafa, a ɗebe hoto ɗaya daga ɗaya. Layukan shanyewa kuwa ana lissafa su da kwamfuta ko a kalli wani tauraro mai zafi marar layuka da yawa a gwada. Babban R yana taimakawa, domin yana buɗe tsabtataccen fili tsakanin layi da layi.

Tunda akwai madubin James Webb a sararin samaniya, me ya rage wa na ƙasa?

Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ba ya fama da iska, kuma a ganin abu mai dushewa ba a kama ƙafarsa. Amma faɗinsa mita 6.5 ne, R ɗin matsefansa bai kai 4,000 ba. Roka ba ta ɗaukar ƙaton akwati, kuma tsifa mai zurfi tana son haske mai yawa. Na ƙasa kuma ana iya sauke shi a sake masa ciki, kamar yadda aka yi wa CRIRES.

Ba za a iya kafa irinsa a Tibesti ko Dutsen Kamaru ba?

Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, kusan tsayin Mauna Kea na Hawayi, amma a gindinsa Debundscha take, inda ruwan sama ke kai wa milimita 10,000 a shekara, ga shi ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Paranal ba ya samun ko milimita 10. Mu nan Garwa kusan dubu muke samu.

Dutsen Emi Kussi na Tibesti a arewacin Cadi ya fi kama da abin da ake nema: ya haura mita 3,400, a tsakiyar Sahara, babu ruwa babu fitilun gari. Sai dai kudu da shi kwarin Bodele yake, tsohon gindin tafki wanda ƙurarsa ke tsallaka teku har dajin Amazon, kuma ƙura a kan madubi ba dushewa kawai take kawowa ba, ita ma ci take a ƙasan-ja. Ga batun hanya da lantarki da naitirojin da ƙwararrun da za su zauna. Kafin a zaɓi Armazones a 2010 an shafe shekaru ana auna duwatsu a ƙasashe da dama, har da wani a Maroko. Madubi mafi girma a Afirka shi ne SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu, faɗinsa kusan mita 10, an buɗe shi a 2005.

Mu da muke nan, ta ina za mu taɓa abin?

Hukumar ESO ta ƙasashen Turai, mai VLT, tana sakin yawancin bayananta ga kowa bayan shekara ɗaya da ɗaukarsu. Ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere mai kwamfuta da data da ɗan ilmin Python zai iya sauke bakan da CRIRES ta ɗauka ya nemi layukan kabon monoksaid a mikiron 2.3 da kansa. Masu ƙirar ma ba duka masu ilmin taurari ba ne, akwai masu lantarki da masu fere ƙarfe da masu aikin sanyi.

Mu dai da kwalin takalmi muka fara. Muka haɗa reza biyu baki da baki suka zama kafa, muka karya tsohon CD muka kishingiɗar da shi a ciki, muka leƙa farar fitilar aji ta tsohon yayi, mai dogon bututu. Layukan zaiba suka fito, kore ɗaya, shuɗi ɗaya. Wata yarinya ta matse rezojin don layin ya ƙara kaifi, ya kuwa yi kaifi, sai ta ɗago ta ce, “Malam, amma hasken ya tafi.” Na ce ta buɗe kaɗan. Ta buɗe, haske ya dawo, layin ya baje. Ta yi ta matsewa tana buɗewa har aka kira magariba.